Yadda Ake Ɗaukar Hoton Baƙi-da-Fari na Titunan Gari da Daddare Cikin Hazo

Da yawa daga cikin masu ɗaukar hoto sukan ajiye kyamara idan hunturu ya kankama. Sai ka ji ana cewa gari ya yi dishi-dishi, launi ya mutu, ƙura za ta lalata kayan aiki. Da rana suna da gaskiya. Amma da zarar an idar da Magariba an kunna fitilun titi, hazon da ya ɓata hoton rana shi ne jarin mai hoton dare. A daren da gari ya washe ba ka ganin haske sai ya sauka a kan wani abu, bango ko kwalta ko fuskar mutum. A daren hazo kuwa iskar ce da kanta take kama hasken, ka gan shi tsaye a sarari, ya yi wa kowace fitila zobe, ya miƙe dogo daga gaban kowace mota. Abin da za ka fita nema ke nan, kuma duk saitin da zan ambata nan gaba shi yake yi wa hidima.

Da farko, wane irin hazo ne?

Iri biyu ne, kuma halinsu ba ɗaya ba. Wanda muka fi sani shi ne na hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga Sahara. Kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, wurin da a da can gindin wani makeken tafki ne da ya ƙafe. Busasshen hazo ne, yana lulluɓe Kano da Katsina da Maiduguri da Damagaram da Maraɗi, kuma idan ya sauka yakan kwana biyu bai ɗaga ba. Alherinsa ga mai koyo ke nan: abin da ya kufce maka yau, gobe kana iya komawa ka tarar da yanayin yana nan.

Na biyu shi ne hazon danshi, wato ƙananan ɗigon ruwa da ke rataye a iska. Ana samunsa a wurare masu tudu irin Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, da tsaunin Mambila, da kuma bakin kogi da fadamu da asubahi. Ya fi kauri, zoben da yake yi wa fitila ya fi girma, yana kuma jiƙa kwalta ta riƙa mayar da haske. Sai dai ba ya jiran kowa. Yanzu ya rufe titi, kafin ka gama kafa kyamara iska ta kwashe shi. Irinsa ne a tsofaffin hotunan biranen Turai, kamar waɗanda Brassaï ya ɗauka a titunan Paris a farkon shekarun 1930, yana yawon dare da kyamara a kan ƙafa-uku, wato madogarar da ake kafa kyamara a kai don kada ta motsa. Saitin kyamara kusan ɗaya ne ga duka biyun. Inda suka rabu shi ne kula da kayan aiki, zan zo kansa.

Gane daren da ya dace ba shi da wuya. Ka samu wata alama mai nisa da ka saba gani kullum, dutse ko hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis. Mutumin cikin birnin Kano yana da Dala da Goron Dutse. Idan da la'asar alamar ta dusashe ko ta ɓace, ka shirya. Haka idan ka ji hukumar hasashen yanayi, NiMet, ta yi gargaɗin ƙura, ko an ce hazo ya hana jirage sauka. Da dare kuma ka dubi fitilar da ke nesa da kai kamar mita ɗari: in ka ga zobe a kewayenta, akwai abin ɗauka.

Lokuta biyu ne suka fi albarka. Daga Magariba zuwa bayan Isha'i kaɗan, ƙurar ababen hawa da hayaƙin masu tsire da na murhu suna haɗuwa da hazon, kuma da ƙasa ta fara hucewa sai duk su kwanta ƙasa-ƙasa maimakon su tashi sama. A farkon wannan lokacin akwai ragowar haske a sararin samaniya da ke fito da siffar gine-gine, amma a yankinmu ba ya daɗewa, minti ashirin da 'yan kai ne duhu ya rufe. Na biyu shi ne gabanin Asuba zuwa fitowa daga masallaci. Ni na fi son wannan. Titi babu hayaniya, mutane sun duƙunƙune cikin bargo da rawani, masu shayi sun hura wuta, kuma mutum guda a kan doguwar hanya ya fi cunkoso yin kyau a baƙi-da-fari.

Abin da za ka ɗauka

Duk kyamarar da za ta bar ka ka saita ta da hannu ta isa, ko da tsohuwar Canon ko Nikon ce ta hannu. Inda kuɗi ke aiki shi ne gilashin gaba. Wanda aka saba sayar da kyamara da shi, mai 18-55, idan ka zuƙo shi zuwa ƙarshe ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (gwargwadon ƙanƙantar lambar f gwargwadon buɗewar ƙofar). Ƙaramin gilashin nan mai 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafiya araha, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Da daddare wannan bambanci shi ne tsakanin hoto mai kaifi da hoto mai rawa.

Ka zaɓi gilashi ɗaya tun daga gida, ka ɗaura shi a cikin ɗaki, kada ka cire shi a waje. Buɗe cikin kyamara a tsakiyar ƙurar hunturu gayyatar tabo ne a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, kuma babu hoton da ke tona asirin tabon sensa kamar hoton hazo, domin yawancinsa fili ne mai ruwan toka sumul.

Ka sa wa gilashin hularsa, wato robar da ake ɗaurawa a bakinsa don yi masa inuwa, saboda fitilun gefe. Maganar filtar kariya kuwa, wato siririn gilashin da ake murɗawa a gaban babban, akwai ja-in-ja. Tana tsare gilashi daga ƙura, amma idan ka fuskanci fitila da ita, musamman mai arha, takan haifar da wani ɗigon haske na bogi a ɗaya ɓangaren hoton. Ni shawarata a cire ta idan iska ba ta kaɗawa, a mayar idan ta taso.

Sai ƙafa-uku in kana da shi. In babu, ka ɗura shinkafa ko wake a safa ka ɗaure, ka ɗora a kan katanga ko bayan mota, ka kwantar da kyamara a kai. Ka ƙara da batir na biyu a aljihun ciki, don sanyi yana shanye caji, da robar busa ƙura, da ƙyalle mai laushi, da takunkumi, ballantana in kana da asma. Filasha kuwa ka bar ta a gida. Haskenta yana bugun ƙurar da ke gaban gilashi ya dawo, sai hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige, bayansa kuma ya yi baƙi ƙirin.

Ka je wurin da rana tukuna

Mataki ne da ake yawan tsallakewa. Da rana za ka ga inda kwata take, inda za ka tsaya mota ba ta taka ka ba, da inda fitilu suke. Abin da kake nema shi ne wuri mai zurfi: titi miƙaƙƙe mai jerin fitilu, ko lungu mai ƙwai guda a can ƙarshensa, ko ƙofar gari da mutane ke ratsawa, ko gadar sama da za ka leƙo hanya daga kanta. Ƙofofin ganuwa irin Ƙofar Nassarawa a Kano ko Ƙofar Doka a Zariya suna da siffar da ake ganewa ko a duhu, kuma siffa ita ce abin da ke saura idan hazo ya cinye ƙananan bayanai.

Ka lura da irin wutar wurin. Fitilun sola suna nan ko an ɗauke wuta. Unguwar da ta dogara da wutar layi kuwa tana iya faɗawa duhu kana tsaka da aiki, ko da yake wannan ma ba asara ba ce: idan duk titin ya mutu ya rage fitilar mai shayi kaɗai, ka samu hoton da ba za ka iya shirya shi da kanka ba.

Ka fuskanci haske, kada ka ba shi baya

Wannan shi ne zuciyar aikin. An koya wa kowa cewa mai hoto yana sa haske a bayansa. A hazo juyawa ake yi. Ƙwayoyin ƙura da ɗigon ruwa sun fi watsa haske zuwa gaba, ta inda ya nufa, fiye da mayar da shi baya. Saboda haka idan fitila tana bayanka za ka ga toka-toka kawai marar armashi, amma idan tana gabanka sai iskar da ke tsakaninku ta kama da haske. Gwada da idonka kafin ka ɗaga kyamara: tsaya ƙarƙashin fitila ka dubi duhu, sannan ka yi taku ashirin ka waiwayo.

Bayan ka fuskanci haske, sai ka nemi abu mai duhu da zai shiga tsakaninka da shi. Mutum, keke, A Daidaita Sahu, bishiyar darbejiya, turken wuta da wayoyinsa. Zai fito baƙi, siffarsa a yanke tsaf a jikin farin hazo. Hazo shi kaɗai ba hoto ba ne. Idan babu abu mai duhu a kusa, ido ba ya samun abin da zai auna hasken da shi, sai mai kallo ya zaci gilashinka ne ya yi datti.

Daga nan sai tsara hawa uku. Abin da ke kusa da kai ya zama mafi duhu. Na tsakiya ya zama ruwan toka. Na nesa ya kusa narkewa. Hazo ne yake yin wannan rabon da kansa, domin gwargwadon nisan abu gwargwadon yawan iskar da ke tsakaninku. Aikinka kawai ka matsa hagu ko dama har hawan uku su jeru ba tare da ɗaya ya hau kan ɗaya ba. Kan mutum kada ya haɗu da turken wuta, tayar keke kada ta ɓace cikin inuwar mota.

Wata dabara: ɓoye ƙwan fitilar. Ka matsa har reshen bishiya ko allon talla ko kan mai wucewa ya rufe ainihin ƙwan, ya bar zoben kaɗai. Nan take za ka ga igiyoyin haske sun fito ta gefe, kuma kyamara ta huta da fama da wuri guda mai tsananin fari. Fitilun mota masu tahowa daga bayan masu tsallaka titi ma haka suke yi, su shimfiɗo dogayen inuwoyi zuwa ƙafarka. Idan ka durƙusa ka yi ƙasa da kyamara, inuwoyin sun fi tsawo, mutanen kuma sun fi fita daga duhun ƙasa su shiga hasken sama.

Kaurin hazo shi ke faɗa maka nisan da za ka tsaya. Idan siriri ne, ja da baya sosai ka yi amfani da gilashi mai zuƙowa, 85mm ko fiye, domin ka tara iska mai yawa tsakaninka da abin ɗauka. Hazon zai yi kauri a hoto fiye da yadda yake a ido. Idan ya yi kauri, matso kusa, ka yi amfani da 35mm ko 50mm, in ba haka ba komai zai narke.

Kada ka raina hayaƙi da tururi. Tukubar mai tsire da fitila a bayanta, tururin tukunyar mai shayi, wutar da 'yan dako ke jin ɗumi a bakin kasuwa, duk ƙananan hazo ne da ke aiki ko a daren da babban bai sauka ba.

Saitin kyamara

Ka fara da abu biyu a cikin menu. Ka sa kyamara ta adana hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, sannan ka sa salon hoto a kan Monochrome. Allon zai riƙa nuna maka baƙi-da-fari, wanda zai taimaka maka ka daina ruɗuwa da launin fitilu, amma ainihin fayil ɗin yana riƙe da launukansa, kuma za ka buƙace su wajen gyara.

Sannan ka juya zuwa M, wato yanayin saitawa da hannu. Akwai hanya biyu, gwargwadon abin da kake so.

Idan kana riƙe da kyamara a hannu kuma kana son mutane su tsaya cak, fara da f/2, saurin ƙiftawa 1/125 na daƙiƙa, da ISO 3200. ISO shi ne lambar da ke ƙara wa hoto haske gwargwadon yadda ka ɗaga ta. A titi mai matsakaicin haske wannan zai kai ka kusa. In ya yi duhu, ƙara ISO zuwa 6400 kafin ka rage sauri. Mutane suna tsoron ISO mai yawa saboda yashi-yashin da yake kawowa, amma a baƙi-da-fari yashin ba aibi ba ne, yana ma ba hazo jiki. Hoton da ya yi rawa kuwa ba shi da magani. Mai keke ko babur yana buƙatar 1/250.

Idan kana kan ƙafa-uku, fara da f/8, ISO 100, daƙiƙa 4. Hasken hoton zai fito daidai da na saitin farko, amma hoton daban ne: gine-gine za su yi kaifi, fitilun mota su zama zare, masu tafiya su zama gilmawa ko su ɓace gaba ɗaya. Ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza kyamara, ka kuma kashe tsarin hana rawa na gilashi. Tsakanin hanyoyin biyu akwai wani wuri mai daɗi, wajen 1/8 zuwa 1/2 na daƙiƙa, inda mai tafiya yake fita da siffarsa amma babbar rigarsa ta ɗan ja. Ban cika son wuce f/11 ba a hazo. Matse ƙofa yana sa fitila ta yi tsinke-tsinke irin na tauraro, abin da ke kashe laushin zoben, yana kuma fito da duk tabon da ke kan sensa.

Awon haske na kyamara ba abin dogaro ba ne a nan. Burinsa kullum ya mayar da komai matsakaicin toka. Idan duhu ya fi yawa a hoton sai ya ƙara haske har fitilu su ƙone, dare ya koma kamar hantsi. Idan farin hazo ya cika hoton sai ya rage har hazon ya yi dauɗa. Allon baya ma yana ruɗi, domin a duhu komai yana yi wa ido haske. Ka rage hasken allon, ka buɗe histogiram, wato jadawalin da ke nuna rabon duhu da haske. A hoton dare tudun zai karkata hagu, kuma daidai ne. Abin lura shi ne gefen dama. Ainihin ƙwan fitila ya ƙone, babu laifi. Amma zoben da ke kewaye da shi dole ya tsira, ya riƙa dusashewa a hankali daga fari zuwa toka. Idan zoben ya zama farin faci guda mai kaifin baki, ka rage haske da mataki ɗaya, wato ka rage rabinsa, ka sake.

Akwai wata matsala ta fitilun zamani. Wutar layi a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilu da yawa, musamman ƙwayayen LED masu arha da dogayen fitilun shago, suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa ba tare da ido ya gani ba. Kyamara tana gani. Idan ka ga ratsi-ratsi a kwance a hoton, ko hoto ɗaya ya yi haske na gaba ya yi duhu alhali ba ka taɓa komai ba, ka koma 1/100 ko 1/50, kuma ka kashe yanayin ɗauka marar ƙara. Wutar janareta ba ta da tsayayyen bugu, a nan sai gwaji.

Saita kaifi

Kyamara tana neman kaifi ne ta hanyar bambancin duhu da haske, hazo kuwa bambancin yake cinyewa. Shi ya sa za ka ji gilashi yana kai-kawo ya rasa inda zai tsaya. Ka nuna masa baki mai kaifi da ke daidai nisan da kake so, gefen turken fitila ko rubutun allon shago, in ya kama sai ka mayar da shi na hannu don kada ya sake motsi. Daga nan ka tsaya ka jira wani ya shigo wurin. Wannan ya fi bin mutane da kyamara nesa ba kusa ba. Ka zaɓi hasken, ka tsara hoton, ka bar gari ya kawo maka mutum. Wani lokaci minti biyu, wani lokaci rabin awa. Idan ya shigo ka ɗauki uku ko huɗu a jere, ka zaɓi wanda ƙafafunsa suka buɗe. A hoton inuwa, mutumin da ƙafafunsa suka haɗe ba ya nuna tafiya.

In waya ce a hannunka

Tana yi, da sharaɗi. Goge gilashinta tukuna, domin maiƙon yatsa yana jan kowace fitila ta zama doguwar tsiri. Yi amfani da babbar kyamarar wayar, ka bar ƙaramar nan mai ɗauko fili da faɗi, da kuma zuƙowa da yatsa. Yanayin dare da ke cikin Tecno da Infinix da Samsung da iPhone yana haɗa hotuna da yawa ne ya haskaka duhu ya ƙara kaifi, wato yana yaƙi da ainihin abin da ka fito nema. Ka kashe shi, ko ka taɓa fitilar a allo ka ja alamar haske ƙasa har dare ya koma dare. Idan wayar tana da yanayin Pro, riƙe ISO tsakanin 100 da 400, jingina ta da wani abu, ka ba ta rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 2. Sensar waya ƙarama ce, ba ta jure ISO mai yawa kamar kyamara.

Mutane da tsaro

Mutum da kyamara da tsakar dare abin tambaya ne, kuma masu tambayar suna da hujja. Kada ka fita kai kaɗai. Ɗaya yana duban allo, ɗaya yana duban hanya, don ƙwacen waya ba labari ba ne. A unguwar da ba taka ba, fara da sallama ga 'yan sintiri ko masu gadi, in za ka daɗe ka sanar da mai unguwa tun da rana. Kada ka nuna kyamara ga bariki, ko shingen jami'an tsaro, ko banki, ko gidan gwamnati. Ka san dokar zirga-zirgar dare ta garin. Ka kuma tuna direba ba ya ganinka a hazo, don haka tsakiyar titi ba wurin tsayawa ba ne, kuma riga mai haske ta fi baƙa.

Wurin mai shayi ko mai tsire, ka zauna ka sayi wani abu kafin ka fito da kyamara. "Malam, in ba damuwa zan ɗauki hoton wutar nan da hayaƙin." Yawanci za a ce bismillah, in ka nuna masa a allo ma ya gyara maka fitila. In ya ce a'a, shi ke nan. Mata da yara kuwa, ko da fuska ba za ta fito ba, a nemi izini ko a haƙura.

Gyara a kwamfuta ko waya

Lightroom, ko Darktable da yake kyauta, ko Snapseed a waya, duk suna yi. Tsarin aikin ne ya fi muhimmanci.

Mayar da hoton baƙi-da-fari ta hanyar da ke ba ka ikon kowane launi, kada ka zare launi kawai. A nan RAW yake biyan ka. Tsofaffin fitilun titi na sodiyam ruwan lemo suke bayarwa, hazon ƙura ma yana karkata can, fitilun sola kuma fari mai ɗan shuɗi. Idan ka ɗaga lemo da rawaya, zoben fitilar sodiyam zai ƙara haske ba tare da sauran hoton ya motsa ba. Idan ka sauke shuɗi, sararin sama na bayan Magariba zai yi duhu.

Sannan ka sauke wurare masu tsananin haske kaɗan har zoben ya dawo da laushinsa. Kada ka wuce gona da iri, fitila mai ruwan toka ba ta da kyan gani.

Sai baƙi, inda mafi yawan hotunan hazo ke mutuwa. Hannu yana ƙaiƙayin ƙara bambanci don hoton ya yi ƙarfi, kuma da ka ƙara sai hazon ya tafi. Baƙi na ainihi a wuri ɗaya kawai ake buƙatarsa, a abin da ya fi kusa. Ka yi amfani da burushi ka duhunta shi shi kaɗai, ka bar nesa da tokarta. Maɓallin Dehaze an yi shi ne don kawar da hazo, saboda haka ka nisance shi, sai dai in za ka ja shi baya kaɗan a ɓangaren nesa. Maɓallin Clarity mai fito da zane-zanen jikin abu ma haka, a kan mutum ko bango kawai, ban da iska.

Wajen rage yashi, kada ka goge shi duka. Hazo da aka goge sumul yana komawa kamar roba, kuma idan aka matse fayil ɗin sai tokar ta rabu hawa-hawa a kewayen fitila. Ɗan yashi yana hana wannan, har ma akan ƙara shi da gangan. A ƙarshe ka zuƙo hoton ka bi sararin sama a hankali kana cire tabon ƙura, ka daidaita turakun wuta su miƙe, ka yanke duk wani haske da ya leƙo daga gefe yana jan ido waje.

Bayan ka dawo gida

Idan hazon ƙura ka shiga, kada ka fara da ƙyalle. Ƙurar tana da ƙananan ƙwayoyi masu kaifi, gogawa a bushe tana karce gilashi. Fara da robar busawa, kyamara tana kallon ƙasa, sannan burushi mai laushi a jiki da maɓallai, ƙyalle ya zo ƙarshe. Kada ka busa da baki. Idan hazon danshi ne, goge jikin kyamarar, ka bar ta a buɗaɗɗen wuri ta sha iska kafin ka rufe ta a jaka, ka kuma ajiye 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, domin danshin da aka kulle yana haifar da fumfuna a cikin gilashi.

Wajen rabawa, fitar da hoton a JPEG mai inganci sosai, dogon gefensa ɗigo 2048 in Facebook za shi. A WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana matse shi, kuma laushin toka ne farkon abin da ke lalacewa. In bugawa za ka yi, ka ɗan ƙara masa haske fiye da yadda yake a allo, tunda takarda ba ta da fitila a bayanta, ka sa a fara buga ƙarami ka duba a hasken rana. Injinan buga hoto da yawa suna sa wa baƙi-da-fari ɗan kore ko ɗan ja, kuma suna da gyaran kai-tsaye da ke ƙara bambanci. Ka gaya wa mai shagon ya kashe shi, in ba haka ba injin zai share hazon a madadinka.